Gefen Herminia

Shekara biyu Herminia na cewa
gefenta na motar nan tanda ne.
Shekara biyu ina kai tafin hannu ga ramin iskar da ke gabana,
in ji sanyi-sanyi kamar numfashin randa,
in ce da ita: tsufa ne, ba mota ba.

Pecos, watan Yuli.
Allon banki ya ce ɗari da takwas,
kwalta na laushi a ƙarƙashin taya,
tankokin mai na wuce mu a hanyar Orla
suna watsa mana tsakuwa.
A-kori-kurar nan ta ɗauki kankana, ta ɗauki albasa,
tun autanmu bai yi haƙori ba.
Na san tarinta. Na san atishawarta.
Haka dai nake gaya wa kaina.

Na ɗura mata gas, gwangwani uku daga kanti.
Na wanke lagireto, na ɓamɓare fārin da suka mutu a jikinsa.
Na canja fis ɗin da lafiyarsa lau.
Sai ga sanyin nawa gefen ma
yana ja da baya kamar mai bashi ya hango mai kuɗi.

Garejin Nayeli Tovar na bayan majami'a,
rufin kwano, fanka ɗaya, kare mai ido guda.
Ta maƙala tiyo biyu, ja da shuɗi,
ta dubi allura, ta dube ni.
Don Ysidro, ka ɗura mata har wuya,
wanda ya ƙoshi haka ba ya iya aiki.
Ta zuƙe rarar cikin tulun ƙarfe.
Kwamfireso ya kama, ƙat.
Bututu ya yi raɓa, ta sa na taɓa,
sanyi ya cije ni a yatsa.

To a nan ake haihuwarsa, in ji ta, kuma da rai.
A hanya ake sace shi.

Ta soka ma'aunin zafi a ramin hagu: arba'in da shida.
Ta soka a na dama: casa'in da ɗaya.
Na juya ina karanta kalandar bango.

Ta murɗa makunni, ta ɗaga yatsa, mu yi shiru.
Can cikin allon gaba:
ƙas, ƙas, ƙas, ƙas.
Na ce ai gyare ne, ya daɗe a ciki.
Daga kujerar roba a inuwa
Herminia ta yi dariya ta hanci.

Nayeli ta cire aljihun gaba, ta zazzage rasiɗan shekara goma,
ta kwanta rigingine, ƙafafu bisa kujera,
tocila a baki.
Kusa biyu sun fito da lalama,
ta uku sai da ta ci fatar hannunta.
Ga shi: ɗan baƙin akwati, bai kai sabulu ba.
Ta ɓare shi a tafina.
Farar roba mai haƙora, biyu sun karye.

Akwai ɗan ƙyaure a ciki, ta ce,
tsakanin hita da sanyi,
shi ke raba wa kowa rabonsa.
Wannan ke tura shi. Da haƙoran suka zube
sai ya tsaya a buɗe ta wajen wuta.
Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo,
da ka zauna a kujerarta sau ɗaya.

Dala tamanin da biyar, har da aiki.
Na karɓi karyayyar robar na sa a aljihu,
ban san dalili ba.

A hanyar gida babu wanda ya ce uffan.
Gonakin auduga, famfunan mai na ta ruku'u.
Daidai gadar kogi ta buɗe jakarta,
ta zaro rigar sanyi mai ruwan goro,
a ninke, tun daga gida,
ta yafa a kafaɗa,
ta miƙa hannu
ta ƙara sanyin.